Abin da ya kamata ku sani game da gyaran hoton baƙar dabba a cikin rana

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton baƙar kyanwa ko baƙin kare da rana tsaka ya san yadda yake fitowa: bango ya yi fari fat, dabbar kuma ta zama dunƙulen duhu, idanu kaɗai ake gani. Dalili kuwa, ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ke gabansa toka-toka ne. In wuri ya cika haske sai ya rage, ragin kuma a kan baƙin gashi yake ƙarewa.

A nan ne ɗanyen hoto, wato RAW, yake yin rana. JPEG na riƙe matakan haske 256 a kowane launi, shi kuwa RAW mai bit 12 yana riƙe 4,096, mai bit 14 kuma 16,384. Saboda haka silin gashin da ido bai gani ba sau da yawa yana nan kwance cikin fayil ɗin. Manhajar Lightroom na buɗe shi, haka ma Darktable da RawTherapee waɗanda kyauta ne, a waya kuma Snapseed na karɓar RAW nau'in DNG.

Ku fara da rage ƙarfin wuraren da suka yi fari, har bango da ƙasa su dawo da kamanninsu. Sannan ku ɗaga inuwa a hankali. A nan mutane da yawa ke ɓata aiki: su ja maɓallin inuwa har ƙarshe, kare ya koma kamar an baɗa masa toka, ga ɗigo-ɗigo ja da kore sun cika jikinsa. Baƙar dabba dai baƙa ce, kuma haka mai ita yake son ganinta. Abin nema shi ne sheƙin gashi, wannan siririn ƙyallin da ke bin ƙashin baya da kafaɗa da saman hanci, domin shi ke nuna siffar jiki. Da zarar ya fito, ku tsaya, ku ɗan mayar da duhu a ƙarƙashin haɓa da cikin kunne.

A ganina, abin da ya fi komai amfani shi ne a ware dabbar a gyara ta ita kaɗai. Tun 2021 Lightroom ke iya zaɓo ta da kansa, in babu shi kuma buroshi ya wadatar. Da haka za a haskaka gashi ba tare da an ƙone bango ba. Ku duba gefen jiki da kyau, kada wani farin zobe ya kewaye ta.

Sai launi. Gashi mai sheƙi yana ɗaukar shuɗin sama, musamman a gadon baya. Kada ku ɗumama hoton gaba ɗaya don wannan, ku rage ƙarfin shuɗi a jikin dabbar kawai. Ruwan ƙasan da rana ke fitarwa a gashin wasu baƙaƙen kyanwoyi kuwa nasu ne, ku bar shi.

Idanu na buƙatar ƙarin haske kaɗan. Rage ɗigo-ɗigo kuma a yi shi da sauƙin hannu, ana farawa da na launi, domin in ya yi yawa gashi zai laushe ya zama sulɓi. Wurin da rana ta ƙone ƙurmus kuwa babu manhajar da za ta dawo da abin da ke cikinsa, sai dai a sake ɗauka a inuwar bishiya ko da la'asar sakaliya.