Kundin da ya raba kan masoya Kanye West gida biyu: muryar mutum ce ko ta inji?

Duk wanda ya zauna a Legas ko Ibadan ko Fatakwal ya san ba a raba kunne da kiɗa. Ka shiga danfo kiɗa, ka je aski kiɗa, mai gyaran waya ma da nasa. Kuma yawancin waƙoƙin da matasa ke saurara yanzu, na Turanci ne ko na Yarabanci ko namu na Hausa, za ka ji muryar mawaƙin tana wani karkarwa kamar ta bi ta cikin bututun ƙarfe, ga wata ganga mai nauyi tana girgiza sifika. Yau babu mai ɗaga ido don ya ji wannan. Amma a shekarar 2008 irin wannan sautin ne ya jawo cece-kuce mai zafi a Amurka, lokacin da Kanye West ya fitar da kundinsa na huɗu mai suna 808s & Heartbreak.

Kafin a ci gaba, ba zancen halin mutumin muke yi ba, ko maganganun da ya riƙa ɓarowa daga baya waɗanda suka zubar masa da mutunci a idon jama'a da dama. Zancen kiɗa ne kawai, da yadda masu saurare ke yi idan gwaninsu ya sauya hanya.

A lokacin Kanye yana kan ganiyarsa. Ya fitar da The College Dropout a 2004, Late Registration a 2005, sai Graduation a 2007, wanda ya sayar da kwafi kusan 957,000 a makon farko, ya kuma kayar da kundin 50 Cent da suka fito rana ɗaya. An san shi da gambarar zamani, da kuma dabarar yanko tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka ya ƙara musu sauri ya ɗora kiɗa a kai. Abin da mutane ke biyan kuɗi su ji ke nan.

Sai rayuwa ta juya masa. Mahaifiyarsa, Donda West, ta rasu a watan Nuwamba na 2007 bayan an yi mata tiyata, bayan 'yan watanni kuma baikonsa ya lalace. Ya tafi tsibirin Hawai ya shiga situdiyo, cikin makonni kaɗan ya haɗa kundi sukutum, aka fitar da shi ranar 24 ga Nuwamba, 2008. Da jama'a suka saka, sai suka ji mutumin nan ya kusa daina gambara gaba ɗaya. Rera waƙa yake, shi da ba a san shi da muryar rerawa ba, kuma duk zancen kaɗaici ne da rashi da soyayyar da ta mutu. Ko ashar babu, har ba a manna wa kundin tambarin gargaɗin iyaye da aka saba gani a na baya ba.

Na'urori biyu ne suka ɗauke nauyin aikin, kuma sai an gane su kafin a gane rigimar.

Ta farko ita ce TR-808, wadda daga ita sunan kundin ya fito. Akwatin kiɗa ne da kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fara sayarwa a 1980, ya daina ƙerawa a 1983 bayan an yi kusan guda 12,000. Ba sautin gangar gaske aka naɗa a ciki ba, wutar lantarki ce ke haifar da sautin da kanta. Shi ya sa da farko makaɗa suka raina ta, suka ce ba ta yi kama da ganga ba. Da ta yi kwantai ta koma gwanjo, sai yara marasa kuɗi suka same ta da araha, suka gano cewa dukanta na ƙasa yana da zurfi yana kuma daɗewa yana amo, irin wanda kake ji a ƙirji ba a kunne kaɗai ba. Abin da wani ya zubar shi wani ya tsinta ya yi arziki.

Ta biyu ita ce Auto-Tune, manhajar gyaran murya da ta fito a 1997. Wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aiki a harkar neman man fetur, yana lissafin yadda sauti ke ratsa ƙasa ya dawo. Aikinta shi ne ta saurari muryar mawaƙi, in ta kauce daga daidai ta ja ta a hankali ta mai da ita kan layi, ba tare da kowa ya lura ba. To amma akwai wurin saita saurin gyaran. In aka murɗa shi ƙarshe, muryar ba ta zamewa daga wani mataki zuwa wani kamar yadda maƙogwaron mutum ke yi, tsalle take yi farat ɗaya. Wannan tsallen shi ne karkarwar da kuke ji. Cher ce ta fara fito da shi fili a waƙarta Believe a 1998, daga baya T-Pain ya mai da shi sana'a. Shi Kanye ya ɗauko abin da ake amfani da shi a waƙar casu ya yi makoki da shi.

Masu suka sun ce wannan ha'inci ne. In ba ka iya rerawa ba ka bar wa waɗanda suka iya, kar ka ɓuya bayan inji. Kuma gaskiya suna da abin kamawa, don da ya rera waƙoƙin kai tsaye a shirin talabijin na Saturday Night Live a Disambar 2008, muryar ta yi ta kaucewa, aka yi ta masa dariya. Wasu kuma ba injin ne ya dame su ba, kukan ne. A ganinsu mawaƙin gambara namiji ne mai bugun ƙirji, ba mai zama yana ƙorafin budurwa ba. A 2009 ma Jay-Z, wanda shi ne ya ɗaga Kanye tun farko, ya fitar da waƙar D.O.A. (Death of Auto-Tune) yana yi wa manhajar jana'iza saboda yadda kowa ya afka mata.

Ɗaya ɓangaren kuwa cewa suka yi ai sanyin muryar shi ne saƙon. Mutumin da ya rasa uwa, zuciyarsa ta daskare, ya za a yi ya fito da murya mai ɗumi? Ni a nan nake. In ka saurari Street Lights ko Coldest Winter da dare kai kaɗai, za ka ji injin bai rufe raunin muryar ba, ƙara tona shi ya yi. Amma ba duka kundin ne ya kai haka ba, akwai waƙoƙin da suka yi tsawo ba dalili, kiɗa na ta maimaita kansa bayan magana ta ƙare.

Abin da na lura shi ne yawancin fushin ba na rashin daɗin kiɗa ba ne, na saɓa alkawari ne. Mai tsiren da ka saba da shi shekara huɗu, ran nan ka miƙa kuɗi ya naɗo maka dambun kifi. Ko ya fi daɗi sai ka yi tsaki tukuna, don ba shi ka zo saya ba. Da sabon yaro ne ya fitar da wannan kundi, da ba a yi rabin surutun ba. Duk da haka ya hau mataki na ɗaya a jadawalin Billboard da kwafi kusan 450,000 a makon farko, wato ƙasa da rabin na Graduation. Daga baya su Drake da Future da The Weeknd suka bi wannan turba ta haɗa gambara da rerawa da kukan zuci, har ta zama ita ce kasuwa. A 2013 ya sake yin irinta da Yeezus, kiɗa mai kaushi kamar injin niƙa, tare da Daft Punk na Faransa. Shi ma ya hau na ɗaya, a mako na biyu ciniki ya faɗi da kusan kashi 80 cikin 100.

Mu ma muna da irin wannan gardamar a gida, kuma da manhaja ɗaya. Tun da fiyano ya shiga situdiyon Kano ya maye gurbin kalangu a waƙoƙin finafinai, aka kuma fara wanke murya da Auto-Tune, dattawan da suka tashi da Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos suke cewa wannan ba waƙa ba ce, kwamfuta ce ke yi. Ka shiga kara a Agege, za ka tarar da dattijo ya kunna Shata a rediyonsa, yaronsa a gefe da waya yana jin nanaye, kowa na ganin ɗan'uwansa bai san kiɗa ba. Bambancin dai shi ne a wajenmu an fi amfani da manhajar don a sa murya ta yi zaƙi da santsi, har ka kasa bambanta mawaƙiya ɗaya da wata. Har yanzu ina jiran babban mawaƙin Hausa da zai yi kasadar ɗaukar ta ya yi wani abu daban da ita, ya yarda rabin masoyansa su yi fushi.