Motocin Amurka na hannu: araha wajen saye, tsada a garaji

A Yamai, Maraɗi da Damagaram, matashi da ya tara ɗan kuɗinsa, ko wanda yayansa ke zaune a Amurka, yakan yi sha'awar ƙananan motoci irin su Ford Fusion, Chevrolet Malibu ko Chrysler 300. Suna da faɗi da sanyi da kyan gani, kuma sau da yawa farashinsu bai kai na Toyota mai shekaru ɗaya da su ba. Sai dai lissafin yakan canza ranar da motar ta fara kwana a garaji.

Matsalar farko ita ce tarihin motar. Da yawa daga cikin waɗanda ake lodowa zuwa Afirka ta Yamma ana sayensu ne a gwanjon Copart ko IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye. Fenti yana rufe karo, amma ruwan da ya shiga wayoyin lantarki sai bayan watanni yake nuna kansa.

Wasu kuma da lalurarsu suka fito daga masana'anta. Ford Focus ta 2012 zuwa 2016 ta yi ƙaurin suna saboda giyarta mai suna PowerShift, wadda ke karkarwa da fizga, har masu motocin suka maka kamfanin a kotu a Amurka. Chevrolet Cruze mai inji 1.4 an san ta da yoyon ruwan sanyaya inji, abin da zafin watan Afrilu a Nijar ba ya yafewa.

Sai batun kayan gyara. Na Corolla ana samunsu a kusan kowace kasuwa, makanikai kuma sun san ta ciki da waje. Na motar Amurka kuwa sai an aika Kano ko Lome, wani lokaci har Amurka, mota na ajiye tana shan ƙura. Rufe iyakar Nijar da Benin tun 2023 ya ƙara tsawon hanya da kuɗin dako. Ga shi kamfanonin kansu sun juya wa irin waɗannan motoci baya: an daina ƙera Fusion a 2020, Malibu kuma a 2024.

Duk da haka, akwai matakan rage asara. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ɗan'uwan da ke can zai iya bincikawa a Carfax kafin ya biya. A tuna cewa allonta da mil yake ƙirga tafiya: mil 100,000 ya kai kilomita 160,000. A sa mata na'urar kwamfuta mai gano lalura, a leƙa ƙarƙashinta don tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan arewacin Amurka lokacin ƙanƙara, sannan a tambayi makanikin unguwa ko ya taɓa buɗe irinta. In ya girgiza kai, araha ba ta ado.