Yaron da ya sauya lakwal a ƙasar Kurfai

A jihar Tillaberi, rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu. Iyalai da dama sun baro ƙauyukansu zuwa manyan garuruwa irin su Filinge da ke ƙasar Kurfai, ga kuma Abala da ke karɓar 'yan gudun hijirar Mali tun 2012. Sai yaro ya wayi gari a sabuwar lakwal, babu abokan wasansa, wataƙila ma yaren gidansu Zabarmanci ne ko Buzanci, alhali Hausa ake yi a filin wasa.

Irin wannan yaro ba boko yake fara buƙata ba. Natsuwa yake nema. Shi ya sa hukuma da UNICEF suke horar da malamai su gane alamun firgita: yaron da ya daina magana, mai yawan faɗa, ko wanda ƙarar babur ke razana shi. Bulala ba ta gyara wannan, ƙara lalata shi take yi.

Aikin ba wani mai tsada ba ne. Mushe, wato malamin aji, ya san sunan yaron, ya gaishe shi kullum da safe, a fara aji da waƙa ko wasa a lokaci guda ba sauyi, domin sanin abin da zai biyo baya na kwantar da hankali. A inda Hukumar Abinci ta Duniya ke tallafa wa kantin, wato wurin cin abincin lakwal, cin abinci tare yakan haɗa baƙo da ɗan gari. Matsalar ita ce cunkoso: mushe ɗaya a ajin zana mai cike maƙil ba zai lura da kowa ba.