RAWAR DA TURURUWA KE TAKAWA WAJEN YAƊA IRIN TSIRRAN DAJI

Gabatarwa

Manomi ya fi sanin tururuwa da satar iri a gona da ɓarnar hatsi a masussuka. Amma a daji tana wani aiki mai muhimmanci, wato shuka. Masana sun ƙiyasta cewa fiye da nau'in tsirrai 11,000 a duniya ne tururuwa da danginta ke yaɗa musu iri.

Yadda abin yake faruwa

Ka ɗauki ƙwayar zurma, wadda wasu ke kira cika-gida, ka duba kanta. Za ka ga wani ɗan ƙullutu fari-fari. Irin bini-da-zugu da na rogo su ma suna da shi. Wannan ƙullutu cike yake da maiƙo, kuma shi ne ladan ɗan dako. Tururuwa takan ja ƙwayar zuwa gidanta, ta ciyar da 'ya'yanta da ƙullutun, sannan ta yar da ƙwayar lafiya lau a cikin rami ko a jujin bakin gida. Tafiyar ba ta cika wuce mita ɗaya zuwa biyu ba, amma ta wadatar.

Amfanin da tsiro ke samu

1. Irin da ya shiga ƙasa ya tsira daga ɓeraye da tsuntsaye.
2. Wutar daji takan wuce ta kansa ba ta ƙone shi ba.
3. Jujin tururuwa yakan fi ƙasar kewaye taki da laushi.
4. Sabon tsiro ba ya gasar ruwa da haske da uwarsa.

Darasi daga Afirka ta Kudu

A yankin Kef, wata baƙuwar tururuwa 'yar asalin Ajantina ta kori wasu tururuwan gida. Ita ba ta binne iri. Binciken da aka buga a 1984 ya nuna cewa inda ta mamaye, iri yakan zauna a fili ɓeraye su cinye, har bayan gobara tsirran da ke fitowa suka ragu ƙwarai.

Shawara ga manoma da malaman gona

Ka bambanta. Tururuwar da ke jerin gwano da ƙwayar gero da ciyawa, cin irin take yi, kodayake abin da ta zubar a hanya yakan tsira. Idan tana ɗauke maka shuka, ka cuɗa iri da maganin da aka amince da shi kafin ka shuka, bisa umurnin da ke jikin kwali. Kada ka zuba guba a gidajen tururuwa da ke gefen gona, saura, burtali ko makiyaya. Ka tuna cewa daga can ake samun ciyawar dabbobi da itatuwan magani, kuma idan mai shukar ta ƙare, babu ɗan ƙwadagon da zai maye gurbinta.