Me Ya Sa Matsirgar Yosemiti Ke Bushewa Kusan Duk Shekara?

Idan ka taɓa ganin hoton wani farin ruwa yana kwararowa daga ƙwanƙolin dutse a gandun dajin Yosemiti na jihar Kaliforniya a Amurka, to akwai abin da hoton bai gaya maka ba: watan da aka ɗauke shi. Kusan duk shekara akwai masu kashe kuɗin jirgi da masauki su isa wurin a ƙarshen Agusta, su ɗaga kai su tarar da busasshen dutse mai baƙin tabo a inda ruwa ya saba bi.

Matsirgar Yosemiti tana da tsayin mita 739, a hawa uku: na sama mita 436, na tsakiya mita 206, na ƙasa mita 98. Tana cikin mafiya tsayi a Arewacin Amurka. To ta yaya ruwa mai wannan girma zai ɗauke ƙaf?

Rumbun ruwan yana kan dutse

A wajenmu, matsirga irin ta Gurara a jihar Neja tana cika da damina ta ragu da rani, don ruwan sama take bi kai tsaye. A tsaunukan Siyera Nebada ba haka abin yake ba. Yawancin ruwan shekara yana sauka ne daga Nuwamba zuwa Maris, kuma a can sama dusar ƙanƙara yake zubowa. Dusar ba ta gudu, taruwa take yi, tamkar hatsi a rumbu. Sai rana ta yi zafi a Afrilu ta fara narkar da ita. Shi ya sa matsirgar ta fi ƙarfi a watan Mayu, daga nan ta dinga raguwa. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa da ƙyar ake samun ruwan sama, don haka idan rumbun ya ƙare, shi kenan.

Amma fa matsirgar Bridalveil, da ke cikin kwari ɗaya da ita, tana zuba duk shekara. Bambancin yana cikin ƙasar da kowane rafi ya ratso. Rafin Yosemiti yana bi ta kan falalen dutsen giranit, mai 'yar ƙasa kaɗan a kansa. Zuba ruwa a kan siminti ka gani, nan take zai gangare. Rafin Bridalveil kuma yana da tabki da fadamu da ƙasa mai kauri, masu shan ruwa kamar soso su riƙa sakinsa sannu a hankali.

Shi kansa tsayin, aikin ƙanƙara ne. A zamanin da, wani katafaren kogin ƙanƙara ya bi ta babban kwarin yana nika dutse, ya zurfafa shi fiye da ƙananan kwaruruwan da ke gefensa. Da ya narke, sai aka bar ƙananan rafuka a rataye can sama, ba su da hanyar sauka sai faɗowa.

Abin da za ka gani, da lokacinsa

Zuwa gindin hawa na ƙasa, zagaye ne na kilomita 1.6 a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. A watan Mayu feshin ruwan zai jiƙa ka sharkaf. Idan ka je da dare daga Afrilu zuwa Yuni, ranar da wata ya cika, kana iya ganin bakan gizon wata a cikin feshin. Fari-fari zai fito maka, domin ƙwayoyin idon da ke bambance launi ba sa aiki sosai a haske maras ƙarfi, amma kyamara tana kamo launukan.

A tsakiya zuwa ƙarshen Fabrairu kuma akwai 'yar matsirgar Horsetail, wato wutsiyar doki, a jikin dutsen El Kapitan. Dab da faɗuwar rana, haskenta kan bugi ruwan ya yi ja kamar narkakken ƙarfe na 'yan mintuna. Sai abu uku sun haɗu: ruwa yana zuba, babu gajimare a yamma, rana kuma tana daidai wannan kusurwar.

Lokacin da ruwa ya fi kyau shi ne lokacin da ya fi haɗari. Sanyinsa na ƙanƙara ne, yana kashe gaɓoɓi cikin mintuna, jiƙaƙƙen giranit kuma santsi gare shi. A Yulin 2011 ruwa ya tafi da mutum uku a matsirgar Vernal bayan sun tsallake shingen ƙarfe. Kada ka tsallake shinge don hoto.

Ya wuce batun yawon buɗe ido

Matsirgar nan ma'auni ce da ido ke gani. Dusar Siyera Nebada ce ke samar da kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da Kaliforniya ke amfani da shi, har da na noman rani. A ranar 1 ga Afrilun 2015, dusar da aka auna kashi 5 cikin 100 ce kacal na abin da aka saba. A 2023 kuwa ta ninka yadda aka saba fiye da sau biyu. Yayin da duniya ke ɗumama, abin da a da zai sauka a matsayin dusa yana ƙara sauka a matsayin ruwan sama, ya gangare tun cikin hunturu, wadda ta taru kuma ta narke da wuri. Shekarar da matsirgar ta bushe da wuri, manoman da ke can ƙasa su ma sun san abin da ke jiransu.

Don haka idan har tafiyar ta kama ka, ka sa ta a Mayu ko farkon Yuni, kuma tun a Afrilu ka duba rahoton yawan dusar wannan shekarar.