Tufafin Fata Ga Mahayin Babur: Rarrabe Gaskiya Da Jita-Jita

Tun da babur ya zama abin hawan ma'aikaci da ɗalibi da ɗan kasuwa a garuruwanmu, har ya kasance da wuya a sami zuri'ar da ba ta taɓa jinyar wani nata saboda faɗuwa daga kansa ba, maganganu suka yawaita game da tufafin da ya kamata mahayi ya sa don kare jikinsa. Kuma da yake yawancinsu a majalisar hira da bakin masu talla ake jin su, ba daga waɗanda suka gwada abin da ma'auni ba, sai gaskiya ta cakuɗe da ƙarya, har mai son tsare kansa ya rasa wadda zai kama. Manufar wannan maƙala ita ce a ɗauki mashahuran zantuttukan nan a auna kowanne da hujja, a tabbatar da abin da ya inganta, a watsar da abin da ba shi da asali.

Wajibi ne tun farko mai karatu ya san cewa cutarwar da ke samun wanda ya faɗi daga babur iri biyu ce. Akwai ƙujewa, wato sa'ad da jiki ya ja a kan kwalta, tsakuwar titi ta yi ta cin fata da tsoka har wani lokaci ta kai ga ƙashi. Akwai kuma bugu, sa'ad da kai ko kafaɗa ko gwiwa ta daki ƙasa ko mota ko bakin kwata. Kowanne yana da abin da ke rage sharrinsa dabam, kuma galibin kurakuran mutane a wannan babi daga rashin bambanta su suka samo asali.

Magana ta farko, wadda ta fi yaɗuwa, ita ce wai kowace rigar fata tana kare mahayi, muddin dai fata ce. Wannan ƙarya ce, kuma ƙarya mai haɗari, domin tana sa mutum ya saki jiki alhali ba shi da kariya. Fatar da ake yi wa mahaya tufafi da ita galibi ƙirgin sa ne, wanda kaurinsa ya kai milimita 1.2 zuwa 1.4, masu tseren babur kuwa sukan yi amfani da fatar kangaru ta Ostireliya saboda ƙarfinta duk da rashin kaurinta. Amma rigunan ado da suka cika kantuna, da yawansu da fatar tunkiya aka yi su, wadda aka kankare ta yi laushi don ta kwanta a jiki, wasu kuma ba ma fata ba ne, roba ce aka shimfiɗa a kan yadi, wadda zafin gogayya da kwalta ke narkarwa ta manne a ciwo. Bayan kauri kuma akwai ɗinki, domin sau da yawa ba fatar ce ke fara yagewa ba, ɗinkin ne ke ɓarkewa a kafaɗa ko gwiwar hannu, shi ya sa rigar kirki takan kasance da ɗinki biyu ko uku, ɗaya a ɓoye inda titi ba zai taɓa zarensa ba, kuma ba a yawaita mata gutsattsarin fata a wuraren da ke fara taɓa ƙasa.

A nan ne wasu ke cewa, ai mu ne ma'abota fata, tun da fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da majema ke jemewa da bagaruwa ta daɗe tana ƙetara Sahara har ta shahara a Turai, ashe dukawanmu ba za su ɗinka mana abin da ya fi na waje ba? A cikin wannan akwai gaskiya, domin fatar akuya tana da ƙarfi gwargwadon kaurinta, kuma masu yin safar hannu ta mahaya a duniya suna amfani da ita ƙwarai saboda laushinta. Amma fatar da aka jeme don jaka da alabe da gafaka ba ita ce aka tanada don jan jiki a kan kwalta ba, kuma ingancin tufar mahayi ba da ido ake gane shi ba, sai da gwaji. A Turai akwai ƙa'ida mai lamba EN 17092, wadda ake gwada jurewar tufa ga gogayya da yagewa da ɓarkewar ɗinki a kanta, sa'an nan a ba ta daraja: AAA ita ce mafi ƙarfi, sai AA, sai A mai sauƙi da ta dace da zirga-zirgar gari. Ana ɗinka wannan shaida a cikin rigar tare da hoton mahayin babur da alamar CE. Da dukawanmu za su sami wannan ilimi su haɗa da gwanintar da suka gada, da lalle sun buɗe wa kansu wata ƙofar arziki.

Magana ta biyu ita ce wai wanda ya sa rigar fata ba zai karye ba. Wannan ma ba haka ba ne. Fata maganin ƙujewa ce, ba ta da ikon shanye bugu. Abin da ke rage bugu shi ne matasan da ake cusawa a aljihunan da aka tanada a kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwa da kwankwaso da gadon baya, waɗanda su ma suna da ƙa'idarsu, EN 1621, mai mataki biyu, na biyu ya fi na ɗaya rage ƙarfin dukan da ke ratsawa zuwa jiki. Ya kamata mai saye ya sa hannu ya laluba, domin riguna da yawa ana sayar da su da soso kawai a aljihun baya, wanda ba ya tsinana komai. Ko da matasan ma, kada a yi musu zaton abin da ba su da shi: wani bincike da aka buga a 2011 a kan mahaya 212 da suka yi haɗari a Kanbera ta Ostireliya ya nuna cewa masu sanye da tufafin kariya, musamman masu matasai, sun fi tsira daga raunuka da kwanciya asibiti, amma bai sami hujjar cewa tufafin sun hana karaya ba. Saboda haka wanda ya sa riga ya ƙara gudu don ya dogara da ita, ya yi hasarar abin da ya saya.

Magana ta uku, wadda ma'aikata da masu kai yara makaranta suka fi riƙewa, ita ce wai tufafin kariya na masu doguwar tafiya ne, mai zuwa ofis ko kasuwa ba ya bukatarsu. Hujja ta saɓa wa wannan. A 1981 aka fitar da sakamakon binciken da Harry Hurt ya jagoranta a birnin Los Anjalas na Amurka, inda aka bi diddigin haɗurran babur 900 a wuraren da suka auku, aka tarar yawancinsu a gajeriyar tafiya suka faru, jim kaɗan bayan mahayi ya bar inda ya taso, kuma matsakaicin gudun da ake yi kafin haɗari bai wuce kimanin kilomita 48 a awa ba, a lokacin karo kuwa kimanin 35. Kusan kashi uku cikin huɗu kuma karo ne da wani abin hawa. Gudun nan da aka ambata shi ne gudun cikin gari, inda mahaɗar hanyoyi ta yawaita, mai mota ya juyo bai ga babur ba. Wandon jins da samari ke ɗauka mai ƙarfi ne, a kan kwalta ba ya cika ko daƙiƙa ɗaya bai huje ba, balle shadda ko yadi.

Magana ta huɗu ita ce fata ba ta dace da zafin ƙasarmu ba. Wannan kam gaskiya ce, kuma wanda ya musanta ta bai taɓa tsayuwa a cunkoson Kano ko Yamai a tsakiyar bazara ba. Zafi idan ya yi yawa yana kawo ƙishirwa da gajiya da raunin hankali, waɗanda su kansu sababin haɗari ne. Sai dai kuskuren shi ne a ɗauka cewa zaɓi biyu ne kawai, ko fata mai nauyi ko riga mai shara-shara. Akwai fata mai ƙananan huji da iska ke ratsawa, akwai kuma tufafin yadi masu raga a ƙirji da baya, waɗanda aka ƙarfafa kafaɗunsu da gwiwoyinsu da zaruruwa irin su Cordura da Kevlar, kuma ana gwada su da ƙa'idar nan da ake gwada fata. Da haka ne maganar masu cewa in ba fata ba babu kariya ita ma ta faɗi. Fata ta fi jure gogayya a gudu mai yawa a kan babbar hanya, tana kuma daɗewa idan ana shafa mata mai, ba a shanya ta a rana ko kusa da wuta bayan ruwa ya jiƙa ta ba. Amma rigar raga mai daraja A ko AA da za a sa kullum ta fi rigar fata mai daraja AAA da zafi zai sa a rataye ta a ɗaki.

Ana kuma cewa gara a sayi riga mai yalwa don a sha iska. Wannan kuskure ne, domin matashin da ba ya zaune daram a kan gaɓa yakan goce a lokacin faɗuwa, riga mai faɗi kuma takan naɗe ta bar baya da ciki a buɗe. A gwada ta a zaune kamar ana riƙe da kan babur, a ga hannunta ya rufe wuyan hannu, ƙasanta ya rufe ƙugu. Abin da ake faɗa kuwa game da babbar riga da mayafi da hijabi, cewa sarƙa ko wayoyin taya suna iya kama gefensu su fizgo mutum ƙasa, gaskiya ne tsantsa, kuma wajibi ne a tattare su kafin a hau.

Game da gwanjo, maganar tana bukatar rarrabewa. Rigar fata ta gwanjo tana iya amfani idan fatar ba ta bushe ta tsattsage ba, ɗinki da zif suna nan lafiya, aka kuma sabunta matasanta. Hular kwano kuwa ba a sayenta gwanjo, domin abin da ke ceton kai ba ƙoƙon waje ba ne, farin soson nan ne mai tauri da ke ciki, wanda ke murƙushewa ya shanye bugu sau ɗaya tak, ba ya kuma komawa yadda yake, alhali daga waje ana iya ganin hular kamar sabuwa.

Babu abin da jita-jita ta yi wa illa kamar hular kwano. Sa'ad da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta a Nijeriya ranar 1 ga Janairu, 2009, an ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka don su kauce wa kamu, fasinjoji kuma suka riƙa gudun ta saboda raɗe-raɗin cewa ana yin asiri da ita a sace mutum ko dukiyarsa. Ba a taɓa kawo wa wannan zance hujja ba. Tsoron ɗaukar ƙwarƙwata ko makero daga hular da jama'a ke musaya yana da tushe, amma maganinsa mutum ya mallaki tasa, ko ya sa siririyar hula a ƙarƙashi. Cewa nauyinta yana karya wuya kuma, binciken likitoci bai gaskata shi ba. Yaɗuwar wannan hula ma ta hannun likita ce: bayan rasuwar wani Bature mai suna T. E. Lawrence a haɗarin babur a Ingila a 1935, Hugh Cairns, ɗaya daga likitocin ƙwaƙwalwa da suka duba shi, ya duƙufa kan nazarin raunin kai, har rundunar sojan Birtaniya ta wajabta hular ga mahayanta a 1941. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna cewa hula mai inganci tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kimanin kashi 69, bisa sharaɗin a ɗaure igiyarta a haɓa. A nemi mai shaidar ECE 22.05 ko 22.06, ko DOT ta Amurka, a kuma sani cewa hular magina ba ta maye gurbinta.

Sauran magana ɗaya, wadda ta fi duka nauyi a zukata, ita ce wai ajali idan ya zo babu riga ko hula da za ta hana, don haka sa su raunin tawakkali ne. Farkon zancen gaskiya ne da babu mumini da ke shakkarsa, amma natijar da aka ciro daga gare shi ɓatacciya ce. Malamai sun tabbatar cewa riƙo da sababi ba ya kore tawakkali, kuma kiyaye rai yana cikin larurori biyar da Shari'a ta zo don tsare su. Ya zo a littattafan sira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa sulke biyu ranar Uhudu, alhali babu wanda ya kai shi dogaro ga Ubangijinsa. Kakanninmu ma da suka hau dawaki zuwa fagen daga da lifidi da kwalkwali, babu wanda ya tuhumi imaninsu. Sa'an nan ba kowace faɗuwa ce ke zuwa da ajali ba. Da yawa da naƙasa take zuwa, ta bar magidanci a kwance, iyalinsa suna neman abin sa wa a baki.

Wanda ƙarfinsa bai kai ya sayi komai a lokaci ɗaya ba, to, ya bi tartibi. Ya fara da hular kwano sabuwa mai shaida, wadda ta rufe har haɓa. Sa'an nan safar hannu ta fata mai maɗauri a wuyan hannu, domin tafin hannu ne ɗan Adam ke fara tarar ƙasa da shi. Sa'an nan takalmi mai tauri da ya rufe idon sawu, ya bar silifa da fade, tun da ƙafa tana cikin gaɓoɓin da suka fi samun rauni a haɗarin babur. Daga nan sai riga da wando masu matasai, na fata ko na raga gwargwadon tafiyarsa da yanayin garinsa. Ya ɗan'uwa mahayi, kada ka sayi tufa don sunanta ko ƙyallinta. Juya cikinta ka karanta shaidarta, ka taɓa kaurinta, ka duba ɗinkinta, kuma idan ka saya, ka sa ta ko da tafiyar ba ta wuce bakin kasuwa ba. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya.