Shirinmu na fari ne, ambaliya ce ke zuwa

Ranar 3 ga Satumba 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rufta saboda ruwan sama. A daminar 2024 mutum kusan 400 suka rasu a Nijar, ambaliya ta shafi kimanin miliyan ɗaya da rabi, har gwamnati ta ɗage komawa makarantu daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda aka karɓi lamarin: buhunan hatsi, barguna, jaje, sai a jira baɗi. A karkara irin Dawce, a yankin Matamaye, wannan ba shiri ba ne.

Tushen matsalar, a ganina, shi ne fari ya tarbiyyantar da mu. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ba ya tsoron ruwa, roƙonsa yake. A waɗancan shekarun koramu suka ƙafe, tafkuna suka zama fili. Jama'a na ƙaruwa, gonaki na tsukewa, ga shi gundumar Kance, inda Dawce take, na cikin wuraren da suka fi cunkoso a ƙasar. Magidanci ya aurar da ɗansa, ina zai yanka masa fegi? Sai gangare, inda kakanni suka bar wa ruwa hanya. Nan aka kafa ɗakunan ƙasa da rumbuna, shekaru ana zaune lafiya, har aka manta dalilin da ya sa wurin yake fili.

Hukuma ma haka. Tsarin gargaɗin gaggawa na ƙasa da kwamitocinsa na ƙauyuka an gina su ne don hango yunwa: farashin gero, lafiyar bisashe, tamowar yara. Yunwa tana ba da watanni kafin ta iso. Ruwan yanzu kuwa awa biyu ya ishe shi. A ƙarshen Agustan 2024 Maraɗi ta sami wajen milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, saboda Sahara na ƙara zafi. Ke nan ma'aunin da aka gina kwalbatoci da gadoji a kansa ya tsufa. Hasashen da cibiyar Agrhymet da hukumar yanayi ta ƙasa ke fitarwa daga Yamai kuma ba ya hana komai in bai isa kunnen mai gari da Hausa ba, kafin hadari ya haɗo.

Akwai masu cewa laifin na ƙasashe masu masana'antu ne, su biya. Gaskiya ne, ba hayaƙin Dawce ya ɗumama duniya ba. Wasu kuma su ce ruwan alheri ne, mai rake da mai lambu a fadamun Korama sun ga riba. Wannan ma ban musa ba. Amma kuɗin diyya ba sa riga damina isowa, kuma ribar fadama ba ta tayar da rumbun da ya jiƙe ya zube da abincin shekara.

Abin takaici, yankin ya riga ya nuna iyawarsa. Manoman Matamaye da Magariya ne suka mayar da gawo cikin gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, ba tare da jiran babban aikin gwamnati ba. Itatuwan nan da ramukan rabin wata suna rage gudun ruwa, suna sa ƙasa ta sha. Abin da ya rage aikin hukuma ne da sarakuna: a zauna da dattawan kowane ƙauye su nuna tsofaffin hanyoyin ruwa, a shata su, a hana rabon fegi a kansu, a ba wanda aka tayar wuri a tudu. A ɗaga gindin rumbuna, a yashe magudanu tun watan Mayu, a faɗaɗa kwalbatocin hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka da Matamaye.